Hukuncin binciken mai neman aiki ko gurbin karatu a intanet

Tambaya:

Ina cikin kwamitin wata makarantar Islamiyya a Gumel. Za mu ɗauki malamai, masu nema sun zo daga Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, wasunsu sun kammala Kwalejin Ilimi ta Gumel. Ɗaya daga cikinmu yana rubuta sunan kowa a Google da Facebook, sai ga hotunan mutum da tsofaffin rubuce-rubucensa, har da na iyalinsa. Shin wannan ya shiga bin diddigin da Allah Ya hana?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah.

Duba abin da mutum ya wallafa da kansa a fili ya halatta, matuƙar ya shafi aikin. Aya ta 26 a Suratul Ƙasas ta nuna ƙarfi da amana su ake nema ga wanda za a ɗauka, ballantana wanda za a damƙa wa 'ya'yan mutane. A Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya bayyana wa Fatima bint Ƙais aibin maza biyu da suka nemi aurenta, kuma Imam Nawawi ya lissafa irin wannan nasiha cikin wurare shida da ambaton aibi ya halatta.

Abin da aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana shi ne tono abin da aka ɓoye: buɗe shafin bogi don shiga wurin da mutum ya rufe, karanta saƙonninsa, ko bin hotunan matarsa.

Inda aka fi zaluntar mutane shi ne rashin tabbatarwa. A yankinku da yawa suna ɗaukar sunan garinsu a matsayin suna na ƙarshe, don haka suna ɗaya kan fito da mutane barkatai. Ana ƙirƙirar hoto, ana kuma buɗe shafi da sunan wani. Aya ta 6 a wannan surar ta wajabta tantance labari kafin a yi aiki da shi. Ko rubutun nasa ne, wataƙila na ƙuruciya ne, ya tuba tuntuni. Ku kira shi ku ji ta bakinsa, ku tambayi maƙwabtansa da malamansa.

Abin da kuka gano amana ne, kada ya wuce kwamitin. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ma ta taƙaita amfani da bayanan mutum ga manufar da aka tattara su dominta. In ɗalibi ne ke neman gurbi, kada a hana shi karatu saboda abin da iyayensa suka wallafa.

Wallahu a'alam.