Daga Kofin Shayi Zuwa Gwiwar Kogi

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a New Bell ya ga abin da zan faɗa, ko da bai lura ba. A juya shayi da cokali, a cire cokalin, sai ganyen ya taru a tsakiyar gindin kofi. Hankali kuwa cewa yake gefe ya kamata ya tafi, tunda abin da ke juyawa waje yake neman fita. Na taɓa jefa wannan tambaya ga masu sauraro a shirina, wayar ba ta huta ba har muka rufe.

James Thomson ya yi bayaninsa a 1857, Albert Einstein ya sake ɗauko shi a 1926. Juyawa tana tura ruwa gefe ya yi tudu, matsi ya ƙaru a can. Ruwan da ke ƙasa yana gogar gindin kofi, gudunsa ya ragu, sai matsin gefe ya rinjaye shi ya koro shi tsakiya da ganye duka, ruwan ya hau sama ya bar ganyen nan. Einstein ba shayin ne ya dame shi ba, koguna yake magana. Wannan ɓoyayyen juyi shi ke zaftare gaɓar waje a gwiwar kogi ya jibge yashi a ta ciki. Mai gini a bakin kogin Wuri ya kamata ya san wannan.

Wahalar ita ce aunawa, don ruwa ba ya barin sawu. A 1923 Geoffrey Taylor na Ingila ya zuba ruwa tsakanin tukwane biyu dogaye, ɗaya cikin ɗaya, ya saka rini, ya juya ta ciki. Da gudu ya kai wani mizani sai ruwan ya rabu zobe-zobe, daidai inda lissafinsa ya nuna. A wajena, a nan ne zancen ya bar hasashe.

Wajen 1950 Dave Fultz a Jami'ar Shikago ya juya kwanon wanke-wanke, gefe da zafi, tsakiya da sanyi, ya barbaɗa garin alminiyam yana ɗaukar hoto. Igiyoyin da suka fito irin na iskar sararin duniya ne, masu tuƙa yanayi. Yau hasken lesa ake haska ƙwayoyi da shi, a ɗauki hoto biyu a jere, kwamfuta ta lissafa tafiyar kowace ƙwaya ta zana juyin gaba ɗaya.