Zuwa coci da samun ceto: yadda Kiristoci suka yi saɓani a kai

Ƴan uwa, bayan karatun jiya wani ɗalibi ya tambaye ni ko maƙwabtanmu Kiristoci suna ɗaukar zuwa coci ran Lahadi sharaɗin tsira a lahira, abin da suke kira ceto. Adalci shi ne a faɗi aƙidar mutane yadda suke riƙe da ita, kuma wannan mas'ala tsohon saɓani ce a tsakaninsu.

A shekara ta 250 miladiyya sarkin Rum Disiyus ya tilasta wa talakawansa yin hadaya ga gumaka. Kiristoci da yawa suka yi saboda tsoro, da ƙura ta lafa kuma suka nemi komawa. Rigima ta tashi: wa ke da ikon karɓarsu? Sipiriyan, bishof na Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, ya tsaya a kan cewa babu ceto ga wanda yake wajen jama'ar coci. Sai dai a lura, maganarsa a kan zama cikin jama'a ce da bin shugabanninta, ba ƙidayar ranakun halarta ba. An sare kansa a 258.

Ƙidayar ta zo daga baya. A farkon ƙarni na 4 wani taron bishof-bishof a Elbira, ƙasar Andalus, ya yanke cewa mazaunin gari da ya bar coci Lahadi uku a ware shi na ɗan lokaci. Duk wanda ya san gargaɗin da ya zo mana a kan barin Juma'a uku zai ɗan tsaya a nan. A 1215 babban taron Lateran a Rum ya wajabta wa kowane baligi furta zunubansa gaban fada aƙalla sau ɗaya a shekara. Dalilin Katolika a fili yake: alherin Allah, a ganinsu, yana isa ga bawa ta hanyar ibadodin da fada ke gudanarwa. Har yau suna ƙirga barin ibadar Lahadi da gangan, ba uzuri, cikin manyan zunubai.

Martin Luta, malamin Jamus da ya fara jayayya da Paparoma a 1517, ya ce bangaskiya kaɗai ke kuɓutarwa, aiki ba ya sayen ceto, ko da aikin zuwa coci ne. Da harshen fiƙihunmu, ya cire halarta daga sharuɗɗa, ya bar ta alamar imani da abincinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da ya biyo baya. Ingila, wadda ta rungumi wannan koyarwa, ta kafa doka a 1559 zamanin Sarauniya Elizabet ta ɗaya: wanda bai je coci ran Lahadi ba tarar sule ɗaya. A 1581 aka mayar da ita fam 20 a wata, kuɗin da yawancin mutane ba sa samu a shekara guda. Waɗanda aka nufa da ita Katolika ne masu ƙin shiga cocin gwamnati. Ke nan malamai sun ce halarta ba ta ceton kowa, hukuma kuma ta mayar da ita ma'aunin biyayya ga sarauta.

Katolika su ma sun sassauta fassarar maganar Sipiriyan. Taron Batikan na biyu, a 1964, ya bayyana cewa wanda bai san saƙon coci ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya, zai iya samun ceto. A cikin wannan takarda har Musulmi aka ambata da suna.