Littattafan da Allura ta Cinye

 Idan aka ambaci injin ɗab'i a Turai, hankali yakan koma ga littattafan addini da na ilmi. To, akwai wasu ƙanana waɗanda masana suka daɗe ba su kula da su ba, watau littattafan zayyanar surfani da saƙar leshi.

Kafin ƙarni na 16, mace takan koyi zayyana daga uwarta, ta adana ta a jikin ƙyalle don kada ta manta. A wajen shekarar 1523 Johann Schönsperger ya buga ɗan littafin zayyana a Augsburg ta ƙasar Jamus. A 1527 Peter Quentel ya fitar da nasa a Kolon, Giovanni Tagliente kuma a Benis ta Italiya. Da yake a kan katako ake sassaƙa zanen, maɗaba'a takan kwafi aikin wata ba tare da neman izini ba. Ta haka zane guda ya riƙa tsallaka iyakokin ƙasashe. Littafin Francesco Pellegrino na 1530, wanda aka buga a Paris, ya yaɗa zayyanar rassa da ganyaye irin ta ƙasashen Musulmi. Leshi kuwa ya sami nasa littafin, Le Pompe, a Benis a 1557. Mata ma ba a bar su a baya ba, domin Isabella Parasole ta wallafa zayyanarta a Rum tun 1595.

Me ya sa kaɗan ne suka rage? Dalilin yana cikin yadda aka yi aiki da su. Mai ɗinki takan yage shafi, ta bi layukan zanen tana hudawa da allura, ta shimfiɗa shi kan yadi, sa'an nan ta barbaɗa garin gawayi. Garin ya ratsa hujin, zane ya fito, takarda kuwa ta lalace. Shi ya sa waɗansu bugun kwafi guda ne tak ya tsira.

Saboda haka, ɗalibin tarihi ya yi hattara. Littafin da aka ajiye a kanta ba a taɓa ba, shi ne yakan kai ga jikoki. Wanda aka mora kullum yakan ƙare a hannun masu shi. Duk wanda ya auna darajar aikin waɗannan mata da yawan takardun da suka rage, lalle zai tauye musu hakkinsu.