Maƙwabtaka da Iyaka a Kudancin Kano: Daga Jakadu Zuwa Taswirar Kwamfuta

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda ma'anar maƙwabtaka ta riƙa sauyawa a ƙasashen Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, sannan mu nuna abin da wannan tarihi zai koya wa masu tsara bayanan ƙasa a kwamfuta. Irin wannan tsari ya faro ne a Kanada cikin shekarun 1960 a hannun Roger Tomlinson. A 1970 kuma Waldo Tobler ya bayyana ƙa'idar cewa wuraren da ke kusa da juna sun fi na nesa dangantaka. Tambayar da muke yi ita ce: da me ake auna kusa?

Zamanin jakadu

Kafin zuwan Turawa, yawancin hakiman Kano a birni suke zaune. Garuruwan da kowannensu ke riƙe da su a warwatse suke, jakadu ne ke kai umarni su kuma karɓo haraji. Saboda haka garuruwa biyu na iya haɗa gonaki amma kowanne da ubangidansa. Dangantakar mulki a lokacin ta bi zaren biyayya, ba ta bi haɗuwar iyaka ba. Hanya ma tana da nata hukunci. Zaman Bebeji a kan hanyar Zariya zuwa Kano shi ya sa rundunar Kanar Morland ta fara cin karo da ita a farkon Fabrairun 1903, kafin ta ci birnin Kano ranar 3 ga watan.

Zamanin gunduma

Wajen 1907 zuwa 1908, a zamanin Razdan Cargill, aka tattara garuruwa aka yi gundumomi masu haɗaɗɗiyar ƙasa, aka tura hakimai su zauna a cikinsu. Daga nan ƙasa ta zama yanki mai kewayayyen layi a takarda. A kan wannan tushe aka ɗora gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aka yi ta rarraba su har suka kai 44 a Jihar Kano a 1996. Layukan ba su daina motsi ba: dokar 2019 ta sa waɗannan ƙasashe huɗu a Masarautar Rano, dokar 2024 kuma ta soke wannan tsari.

Abin da kwamfuta ke gani

Kwamfuta tana gadon taswirar gunduma ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi jadawali, a rubuta 1 ga yankuna biyu da suka haɗa iyaka, a rubuta 0 ga waɗanda ba su haɗa ba. Da irin wannan jadawali ake lissafa ma'aunin da Moran ya fitar a 1950, don a ga ko cuta ko ƙarancin amfanin gona sun taru a wuri ɗaya. Amma jadawalin yana ɓoye abubuwa uku.

Na farko, ruwa. Kogin Kano yana gangarowa daga kudu ta Dajin Falgore zuwa madatsar Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina a farkon shekarun 1970. Zaizayar ƙasa a Doguwa tana ƙarewa a tafkin Tiga, ruwan da aka tare kuma yana shafar fadamun Haɗejiya da Nguru. Wannan dangantaka mai fuska ɗaya ce, daga sama zuwa ƙasa, alhali jadawalin iyaka yana ɗaukar kowace dangantaka da nauyi ɗaya a ɓangarorin biyu.

Na biyu, hanya. Tudun Wada ta shiga tsakanin Kiru da Doguwa, don haka jadawali zai ba su 0. Amma motar da ta ɗauko masara daga Doguwa ta Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru take fitowa babban titi.

Na uku, bakin taswira. Doguwa ta yi iyaka da Jihohin Kaduna da Bauci. Wanda ya yanke taswirarsa a iyakar Kano zai ga kamar Doguwa ba ta da maƙwabta da yawa, alhali makiyayi da ɓarawon shanu ba su tsaya a wannan layi ba.

Kammalawa

Tun 1984 Stan Openshaw ya yi gargaɗin cewa sakamakon lissafi yana sauyawa idan aka sauya iyakokin da aka tara alƙaluma a cikinsu. A nan, inda iyaka ta sha sauyawa, kwatanta ƙidayar 1963 da ta 2006 ba tare da daidaita yankunan ba kuskure ne babba. Shawararmu ita ce a tara bayanai tun daga matakin ƙauye, a rubuta wa kowace iyaka shekararta, a kuma zaɓi jadawali gwargwadon tambaya: na kogi ga ruwa, na hanya ga kasuwa da asibiti, na iyaka ga mulki. In ba haka ba, za a gina asibiti inda taswira ta ce kusa ne, mai naƙuda kuwa ta iske kogi ya cika a tsakani.