Busassun ƴaƴan itace da sukarin jini: abin da ya kamata mu sani

Magarya da kanya da dabino da zabibi ba baƙi ba ne a gidajenmu. Ga dabinon Bilma a kasuwa, ga zabibin da alhazai ke kawowa tsaraba. To yaya suke da mai ciwon sukari?

In aka shanya ɗan itace, ruwansa ne ke tafiya, sukarin yana nan daram. Garam 100 na ɗanyen inabi yana da sukari wajen garam 16. In ya bushe ya zama zabibi, garam 100 yana da wajen garam 60, wato ƙwayar sukari irin ta kwali 10 zuwa 12. Dabino ma haka yake, ya ɗara 60. Saboda ƙanƙantarsu, mutum sai ya cinye tafin hannu biyu yana hira bai sani ba.

Amma ba daidai suke da alawa ko lemun kwalba ba. Ɓawo da zare-zaren da ke cikinsu suna rage saurin shigar sukarin cikin jini. Wannan rangwame ne kawai, domin yawan da aka ci shi ne ke hukunci.

Ga abin da muke tunatarwa:

- Zabibi cokali 2 na cin abinci ko ƙananan dabino 3 sun kai wajen garam 15 na sukari. A tsaya nan a zama ɗaya.
- A haɗa da gyaɗa ko nono marar sukari, kada a ɗora su bisa fura ko kunun da aka zuba wa sukari.
- Lokacin buɗa-baki, a ƙirga dabinon cikin abincin daren.
- Ƴan uwa na Turai da Amurka, ku karanta bayan leda: wasu busassun ƴaƴan itacen can ana ƙara musu sukari.

Babu ɗan itacen da ke maye gurbin magani ko allurar insulin. A awon safe kafin a ci komai, garam 1,26 a lita ko sama, in an maimaita aka sake samu, ciwon sukari ne. Ƙasa da 0,70 kuwa sukari ya faɗi: rawar jiki, zufa, jiri. A nan, in mutum yana cikin hayyacinsa, a ba shi ƙwayar sukari 3 nan take, sannan a kai shi likita.

Allah ya ƙara mana lafiya.