Kogin Urdun da Yarjejeniyar da Ba a Sa wa Hannu Ba

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ya san Kogin Urdun, inda Yahaya ya yi wa Ubangiji Yesu baftisma. Ba babban kogi ba ne, in aka gwada shi da Kwara sai a ce rafi ne. Amma ƙasar da yake ratsawa ba ta da ruwan sama sosai, don haka ruwansa yana da tsada ƙwarai. Rafuka uku ne suka haɗu suka haife shi a gindin Dutsen Harmon: Hasbani daga Labanan, da Baniyas, da Dan. Daga nan ya zuba cikin Tekun Galili, ya fito ta kudu, Kogin Yarmuk ya same shi daga gabas, sa'an nan ya gangara zuwa Tekun Gishiri.

A shekara ta 1953 Isra'ila ta fara haƙa hanyar janye ruwa a arewacin Tekun Galili, a wani yanki da aka hana soja shiga. Siriya ta kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya, Amurka kuma ta tsayar da taimakonta, sai aka dakatar da aikin. A wannan shekara Shugaba Eisenhower ya aiko da wani jakada mai suna Eric Johnston. Aikinsa mai wuya ne, gama Larabawa ba su yarda su zauna ɗaki ɗaya da Isra'ila ba. Dole ya riƙa yawo tsakanin manyan biranen, yana ɗauke da maganar wannan zuwa wancan, har shekara biyu.

Rabon da ya kawo a 1955 ya ba Jodan mita kubik miliyan 720 a shekara, Isra'ila wajen miliyan 400, Siriya 132, Labanan 35. (Mita kubik ɗaya lita dubu ce, wato cikin durom biyar.) Injiniyoyin ɓangarorin biyu suka duba lissafin suka ga ya yi daidai. Amma a watan Oktoba na 1955 Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta jingine maganar. Yawan ruwan bai dame su sosai ba. Abin da suka ƙi shi ne sa hannu, domin sa hannu tamkar amincewa ne da kasancewar Isra'ila.

Abin mamaki kuwa, takardar da ba wanda ya sa wa hannu ita ce aka yi ta bi. Jodan ta gina babbar magudanar Ghor ta Gabas daga Yarmuk, Isra'ila kuma ta gama nata bututun a 1964, wanda yake ɗibar ruwa daga Tekun Galili zuwa hamadar Negeb. Amurka ta taimaka da kuɗi bisa sharaɗin kowa ya tsaya cikin rabon Johnston. Siriya dai ba ta bi wannan hanya ba. Taron shugabannin Larabawa a Alƙahira a 1964 ya shirya karkatar da Hasbani da Baniyas, Isra'ila kuwa ta yi ta harbin motocin aikin a 1965 da 1966. Wannan rikici yana cikin abubuwan da suka hura wutar yaƙin 1967, ko da yake ba shi kaɗai ba ne. Bayan yaƙin Baniyas ya koma hannun Isra'ila, Falasɗinawa kuma suka rasa hanyar kaiwa ga kogin.

Duk da haka ma'aikatan ruwa na Jodan da Isra'ila ba su daina magana ba. Shekara da shekaru, alhali ƙasashensu suna gaba, sukan haɗu a asirce a bakin Yarmuk da rani. Su auna ruwan, su yarda inda za a jera buhunan yashi don raba shi. Wani lokaci a yi gardama mai zafi, amma a sake dawowa. Su ne suka share fage, don haka da Jodan da Isra'ila suka ƙulla salama ranar 26 ga Oktoba 1994, sashen ruwa ya fito dalla-dalla: Isra'ila za ta ɗibi miliyan 25 daga Yarmuk a shekara, ta kuma riƙe wa Jodan miliyan 20 na lokacin ruwan sama, ta mayar mata da rani. Farin 1999 ya gwada wannan alkawari. Isra'ila ta nemi rage rabon Jodan, Jodan ta ƙi, a ƙarshe aka ba ta ruwanta.

Yarjejeniyar ta ƙasashe biyu ce kawai. Siriya da Labanan ba sa ciki, yarjejeniyar wucin gadi ta 1995 da Falasɗinawa kuma ta taɓa ruwan ƙarƙashin ƙasa ne, ta bar maganar kogin sai wani lokaci. Kogin kansa ma ba wanda ya keɓe masa rabo. A dā wajen mita kubik miliyan 1,300 ke zuba cikin Tekun Gishiri kowace shekara, yanzu abin da ke isa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Tekun yana janyewa kamar mita guda a shekara, masu ziyara kuma da suka je wurin baftisma kusa da Yariko sukan tarar da ɗan siririn ruwa mai laka.