Benen Singa Na Birnin New York

Mai karatu, ka san keken ɗinkin nan Singa da telolinmu ke takawa? To, kamfaninsa ne ya gina wani dogon bene a tsakiyar unguwar 'yan kasuwa ta New York, a Amurka, aka kammala a 1908. Tsawonsa ƙafa 612. Duk duniya babu benen da ya kamo shi, amma shekara ɗaya tak ya riƙe kambun.

Ba tsufa ne ya ci shi ba. Samansa siriri ne, ofisoshin ƙanana, hayarsu ba ta kawo abin da filin zai iya kawowa. A 1967 sababbin masu shi suka fara rushe shi, har da zaurensa na marmara da tagulla, suka dasa wani ƙaton akwatin ƙarfe a gurbinsa, One Liberty Plaza.